GANI YA KORI JI? TSOKACI A KAN CIWO DA MAI CIWO

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Magana ce mai hikima, domin ta raba mutane da yawa da sharrin jita-jita, ta kuma hana alƙalai yanke hukunci a kan "an ce". Amma fa kalmar nan "ji" fuska biyu gare ta a harshenmu. Akwai ji na kunne, akwai kuma ji na jiki. Mutum ya kan ji kiɗa, ya kan kuma ji zafi. To, tambayar da na ke so mu tattauna a kanta, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ita ce: shin gani ya isa ya kori wannan ji na biyu? Watau idan mutum ya ce yana jin ciwo, mu kuwa muka duba ba mu ga rauni ko kumburi ba, maganar wa za a kama, tasa ko ta idonmu?

Ba haka kawai wannan tambaya ta faɗo mini ba. Ina da wani kawu, ƙanen mahaifiyata, manomi ƙaƙƙarfa wanda ba a taɓa saninsa da ƙyuya ba. Wata damina yana huɗa, sai galma ta suɓuce ta sare shi kusa da idon sawu. Aka kai shi asibiti aka ɗinke, kafin kaka rauni ya warke, sai tabo kawai. Amma ciwo bai tafi ba. Ya ce ƙafar tana yi masa zugi kamar an ɗora mata garwashi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, in mayafi ya shafi wurin sai ya zabura, in iskar hunturu ta busa sai ya cije leɓe.

Da farko an tausaya masa. Da abu ya haura shekara, sai tausayi ya fara ƙarewa. Wasu suka ce raki ne, wasu suka ce son jiki ne ya kama shi yana gudun gona, tsofaffi suka ce iska ce ko sammu. Aka koma asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce ba a ga kome ba. Ni ma, da ƙuruciya da ɗan ilmin boko da ke ruɗina, na ce masa, "Kawu, ai ƙafar nan ta warke sarai." Ya dube ni ya ce, "Ta warke a idonka, ɗan nan." Daga baya ya daina zancen ƙafar gaba ɗaya, mu kuwa muka ɗauka sauƙi ne ya samu. Sai bayan rasuwarsa matarsa ta gaya mana cewa tun ranar da galmar nan ta sare shi, mayafi bai ƙara rufe wannan ƙafa da dare ba, kome tsananin sanyi.

Sai da na zo jami'a, wani abokina mai karatun likita ya ba ni labarin wasu ƙwayoyin halitta da a ke kira giliya, sa'an nan na gane irin alhakin da muka ɗauka.

Ɗan aike da hanyarsa

Yawancinmu mun ɗauki ciwo kamar ɗan aike mai gudu. Ƙaya ta soki ƙafa, ɗan aike ya ruga ya gaya wa ƙwaƙwalwa, an cire ƙaya, ɗan aike ya koma ya zauna. Wannan zato ba namu ba ne mu kaɗai. Masanin falsafar nan na Faransa, Rene Descartes, a littafinsa kan halittar ɗan Adam wanda aka buga da Faransanci a 1664, bayan rasuwarsa, ya ce wuta in ta taɓa ƙafa tana jan wani zare ne da ya miƙe har cikin kai, kamar yadda a ke jan igiya ƙararrawa ta kaɗa. In dai haka abin ya ke, to girman ciwo daidai ya ke da girman rauni, kuma duk mai kukan ciwo ba rauni, ko dai maƙaryaci ne ko mai taɓin hankali. Ka ga ke nan hukuncin da muka yanke wa kawuna yana da tushe, sai dai tushen ne ruɓaɓɓe.

Lalle akwai ɗan aiken. Ƙwayar jijiyar da ke kawo labari daga yatsan ƙafa doguwa ce, tsawonta ya kan kai mita ɗaya ko fiye. Bakinta ɗaya yana cikin fata, cibiyarta tana cikin wani ɗan curi a gefen ƙashin baya, ɗaya bakin kuwa ya shiga cikin lakar baya, inda ta ke miƙa saƙo ga wata jijiyar da za ta hau da shi zuwa ƙwaƙwalwa. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo ra'ayin cewa a cikin lakar nan akwai wani abu mai kama da ƙofa, wadda a kan buɗe wa saƙon ciwo ko a tura masa ita. Shi ya sa in ka buge gwiwa sai ka kai hannu ka murza, ka ji sauƙi. Tun daga nan aka gane cewa saƙo ya kan sake kama a hanya.

Abin da aka daɗe ba a lura da shi ba shi ne, ɗan aiken nan ba shi kaɗai ke tafiya ba, yana da 'yan rakiya. A 1856 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya raɗa wa abin da ke tsakanin jijiyoyi suna giliya, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar danƙo, domin a ganinsa aikinsa bai wuce riƙe jijiyoyi ba, kamar yadda kwaɓi ke riƙe tubali. Sunan ya bi su, rainin ma ya bi su fiye da shekara ɗari. Alhali kuwa ba kaɗan ba ne. Wani ƙidaya da aka yi a ƙasar Birazil a 2009 ya nuna ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma sauran ƙwayoyin da ba jijiya ba, waɗanda akasarinsu giliya ne, sun kusa kai wannan adadi. Kusan rabin jama'ar gari ke nan aka ce ba su da ta cewa.

Zango uku

Bari mu bi ɗan aiken nan zango-zango mu ga waɗanda ya ke haɗuwa da su.

Zango na farko shi ne fata da doguwar hanyar da ke tashi daga gare ta. A nan akwai giliyar da aka ba sunan Theodor Schwann, wani Bajamushe da ya yi bayaninsu a 1839. Su ke naɗe jijiya kamar yadda roba ke naɗe wayar lantarki, su ke ciyar da ita, in kuma ta tsinke su ke share mata hanya ta sake tofo. A 2019 masana a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka gano, a jikin ɓeraye, cewa akwai wasu daga cikinsu da suka shimfiɗu kamar raga a cikin fata, kuma su kansu suna jin suka da matsi, su tayar da jijiya. Watau wani lokaci ɗan rakiya ne ke fara jin labari kafin ɗan aike.

Wanda ke son sanin darajar waɗannan ƙwayoyi, ya dubi kuturta. Ƙwayar cutar, wadda Gerhard Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873, cikin giliyar Schwann ta ke shiga ta yi gida, har jijiya ta lalace, hannu da ƙafa su daina ji. Da can an zaci cutar ce da kanta ke cinye yatsu. Wani likita Bature, Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya tun daga 1946, shi ya nuna cewa mafi yawan asarar yatsu daga rashin jin zafi ta ke. Mutum ya kama tukunya mai zafi bai sani ba, ya taka ƙusa ya yi ta tafiya a kanta, rauni ya ruɓe ba wanda ya gaya masa. Yau kuturta tana da magani, amma darasin yana nan: ciwo mai gadi ne, gidan da ba shi ɓarayi sun samu. Shi ya sa Hausawa suka ce jiki magayi.

To amma mai gadi ma ya kan rikice, ya yi ta kururuwa ba ɓarawo. Zango na biyu, watau ɗan curin nan na gefen ƙashin baya, yana nuna yadda haka ke faruwa. A nan kowace cibiyar jijiya tana da wasu giliya da suka kewaye ta suka lulluɓe, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kimanin kashi 20 cikin miliyan na milimita ba. Lokacin lafiya, aikinsu shi ne kwashe sinadaran da suka yi yawa a kewayen jijiya, kamar fotasiyam, don kada ta riƙa zabura ba dalili. Suna kuma zance da ita. Ita ta kan saki wani sinadari da a ke kira ATP, su kuwa suna da kafofin karɓarsa, su mayar mata da amsa. Idan jijiya ta ji rauni sai halinsu ya sake. Su kan rage kwasar da su ke yi, su saki sinadaran kumburi da ke sa jijiya saurin zabura, su kuma buɗe ƙananan kafofi tsakaninsu da 'yan'uwansu da ke kewaye da jijiyoyin maƙwabta. Ta haka tashin hankalin gida ɗaya ke zama na unguwa.

Zango na uku shi ne lakar baya, inda ƙofar nan ta ke. A nan akwai giliya masu siffar tauraro, akwai kuma ƙananan giliya, waɗanda Pio del Rio Hortega ya yi bayaninsu a ƙasar Sifen a 1919. Su ne dogaran wurin, kullum suna sintiri suna neman ɓarna. A 2003 Makoto Tsuda da Kazuhide Inoue da abokan aikinsu a Japan suka nuna cewa in aka ji wa jijiyar ɓera rauni, ƙananan giliyar lakarsa su kan farka su ƙara yawan wata kafa ta karɓar ATP, daga nan sai shafa kawai ta zame wa ɓeran ciwo. Da aka toshe wannan kafa sai ya sami sauƙi. Daɗin daɗawa, da suka ɗauki farkakkun giliya suka zuba a lakar ɓera mai lafiya, wanda ba a taɓa jijiyarsa ba, sai shi ma ya fara janye ƙafa daga shafa. Ga ciwo, ba rauni. A 2005 wasu masana a Kanada suka gano yadda abin ke aukuwa: giliyar suna sakin wani sinadari da ke rikita ma'aunin gishirin da ke cikin jijiyar laka, har saƙon da ya kamata ya tsayar da ita ya rasa ƙarfi, wani lokaci ma ya zuga ta. In direba ne zai ce birki ya koma totur.

Wannan fa shi ne mayafin kawuna. Fata ta haɗe, ƙashi lafiya lau, amma can cikin laka, inda hoton ƙashi ba ya gani, mai yiwuwa 'yan rakiya ba su daina zuga ba. A jikin mutane ma an ga alama. A 2015 likitoci a birnin Boston na Amurka suka ɗauki wani irin hoton ƙwaƙwalwa na masu daɗaɗɗen ciwon baya, suka ga alamar farkawar giliya ta fi ta masu lafiya. A shekarar kuma, a Kanada, aka gano cewa a ɓeraye maza ne ƙananan giliya ke riƙe da wannan hanya, matan suna da wata hanyar dabam ta ƙwayoyin garkuwar jiki. An daɗe ba a sani ba, saboda yawancin gwaje-gwaje da maza a ke yi. Ashe ciwon 'ya mace na 'ya mace ne har a ɗakin bincike.

Haƙƙin mai ciwo

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Zazzaɓi yana da ma'auni, hawan jini yana da ma'auni, amma har yau ba na'urar da za a manna wa mutum ta faɗi yawan zafin da ya ke ji. Shaida guda ce tak ta halarci wurin, ita ce mai ciwon. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ƙungiyar nazarin ciwo ta duniya, sa'ad da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020, ta shigar da wanda ya yi kama da na rauni ko da ba raunin, ta kuma ja hankali ga girmama abin da mai ciwo ya faɗa game da kansa. Ra'ayina shi ne, wajibi ne a fara da gaskata shi, kuma wanda ya ce ƙarya ya ke yi, shi ne zai kawo hujja.

Na san mai karatu zai ce, "To ai akwai maƙaryata." Gaskiya ne. Akwai ɗalibin da cikinsa ba ya murɗawa sai ranar jarrabawa, akwai kuma mai neman ƙwaya da sunan ciwo, kuma mun ga ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi wa matasa har gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018. Amma mu auna kuskuren biyu. In ka gaskata maƙaryaci, ka yi asarar ɗan tausayi da aikin kwana biyu, kuma ƙarya fure ta ke ba ta 'ya'ya, za ta bayyana. In kuwa ka ƙaryata mai gaskiya, ka ɗora masa ciwo na biyu a kan na farko, ka raba shi da jama'a, ka kuma tura shi ga masu tallar magani a kasuwa, tun da a wajensu ne kaɗai ba a ce masa maƙaryaci. Bugu da ƙari, gaskata mutum dabam ne, ba shi duk maganin da ya nema dabam. A 2016 masana a jihar Kolorado ta Amurka suka ga cewa ɗan gajeren ba da mofin ga ɓerayen da aka ji wa jijiya rauni ya tsawaita ciwonsu, ta hanyar tayar da giliya. Saboda haka zaɓen magani aikin likita ne, da ilmi da taka-tsantsan. Amma likitan da ya fara da zargi ya riga ya rufe ƙofar da zai bi ya gano maganin.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai saboda masu sikila. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, jarirai kimanin 150,000 a ke haifa da ita a Nijeriya kowace shekara. Ciwonsu ya kan taso ba jini ba tabo, kuma da yawa daga cikinsu su kan zauna da zugi ko bayan tashin ya lafa. A ɓerayen da a ke gwajin sikila da su an sami giliyar laka a farke. Kusan kowannenmu ya san wani mai sikila a ajinsa ko a gidansu. Sau nawa muka ce a zuci, "Wannan dai ya cika raki"?

Sai kuma batun dauriya. Mu mutane ne masu girmama juriya. Yaro a wajen kaciya a kan so ya daure, mai haihuwar fari a kan so ta haɗiye kukanta don kunya, kuma mun san yadda saurayin Fulani ke tsayawa a fagen sharo bulala na sauka yana murmushi. Ban raina wannan ba, domin al'ummar da ba ta iya daurewa ba ta iya noma ko fatauci. Amma dauriya ado ce ga wanda ya zaɓe ta da kansa. In mai lafiya ne ya ɗora ta a kan mai ciwo don kunnensa ya huta, ta zama zalunci. "Yi haƙuri" iri biyu ne. Akwai na wanda ya zauna kusa da kai ya ji ta bakinka, akwai kuma na wanda ke nufin "rufe mana baki". Na biyun muka yi wa kawuna, ya kuwa rufe, muka ce ya warke.

Akwai wani abu da ke ba ni kunya cikin wannan rubutu nawa. Me ya sa sai da na ji labarin ɓerayen Japan sa'an nan na yarda da maganar ƙanen uwata? Ke nan har yanzu gani na ke bi, na dai sauya idona da madubin likita. In gobe aka sami wani ciwon da madubin bai kai gare shi ba, zan sake ƙaryata mai shi ke nan? Haƙƙin kawuna a kaina bai jira shekarar 2003 ba, yana nan tun ranar da ya buɗe baki. Abin da ilmin giliya ya yi shi ne ya tona asirin jahilcinmu, ya nuna cewa "ba mu ga kome ba" labarin iyakar idonmu ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Masana sun yi fiye da shekara ɗari suna kallon giliya suna cewa danƙo ne, mu ma muka yi shekaru muna kallon tabo muna cewa raki ne.

Kada kuma a ɗauka an sami magani an gama. Mafi yawan abin da na zayyana a jikin ɓeraye aka gani, kuma magungunan kwantar da giliya da aka gwada a kan mutane, irin su minosaikilin, ba su cika burin da aka ɗora musu ba. Aiki yana gaba. Abin da ke hannunmu yau, ba sai mun jira kowa ba, shi ne kunnenmu.

Kammalawa

A 2022 Tsuda da abokan aikinsa suka sake gano wani abu: akwai wani rukuni na ƙananan giliyar nan da ke bayyana daga baya, kuma su ne ke taimaka wa ɓera ya warke, in aka kawar da su ciwo ba ya lafawa, ko ya lafa ya dawo. Watau dangi ɗaya ne ke zuga, su ne kuma ke lallashi. Misali ne kawai, amma ina ganin haka mu ke ga marasa lafiyarmu. Likitoci sun tabbatar cewa tsoro da damuwa da rashin barci suna ƙara zafin ciwo. Mu da ke kewaye da mai ciwo muna iya ƙara masa waɗannan, muna kuma iya rage masa.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwanmu masu karatun likita da jinya, gobe in kun ɗauki hoto ba ku ga kome ba, ku ce "hoto bai nuna ba", kada ku ce "ba abin da ke damunka". Mu kuma sauran, masu nazarin harshe, mu ne ya fi kamata mu san cewa karin magana yana da muhallinsa. Gani ya kori ji a kasuwa da gaban alƙali. A gefen shimfiɗar mai ciwo kuwa, wanda ke ji shi ne ya gani. Da na san haka a lokacin, da ban tsaya duban tabon kawuna ba, da na tambaye shi yadda ya kwana, na zauna na ji amsa. Allah ya ji ƙansa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.